Alanki Ai Alanki Ne, Ko Ba Haka Kuka Ce Ba?

Na hango ku, masu taɓe baki. Wai ƙato da furfura a gemu ya rasa abin rubutu sai sukudireban motar wasa. To Alhaji, gyara zama. Cikin motocin rimot ɗin da kake rainawa akwai XO-1 ta kamfanin Traxxas, mai taka kilomita 160 a awa. Yaushe rabon tsohuwar motarka da ganin rabin wannan?

Duk gudun nan, 'yan mitsi-mitsin sukurori ne ke riƙe da shi, kowanne da rami mai kusurwa shida a kansa. Mabuɗansu, wato alanki, uku ne aka fi amfani da su: milimita 1.5, da 2.0, da 2.5.

Ka ce, "Ai ga na kyauta a kwali, mai kamar sandar makiyayi." Madalla! Araha dai ba ta ado. Ƙarfensa laushi gare shi, in ya shiga rami sai ya riƙa rawa kamar haƙorin tsohuwa. Murɗa biyu, murɗa uku, kusurwa shida ta koma da'ira. Daga nan sai filaya da gumi da salati.

Kai kuma Malam mai cewa "kusan ɗaya ne", tsofaffin motocin rimot na Amurka da yawa awon inci suke bi. Ramin 1/16 na inci ya kai milimita 1.59. Zura masa 1.5, ka ga yadda ɗan bambancin da ido ba ya gani ke cinye maka yini guda.

Alanki nagari ba ya ɓuya. Bakinsa na ƙarfe mai tauri ne, gefunansa da kaifi, yana shiga ya zauna daram, har sukuru ya maƙale masa bai faɗi ba. Irin na Hudy, in bakin ya ci sai a sauya shi, mariƙi na nan. Mai kan ƙwallo kuwa na lungu ne kawai. Kada ka ɗaure ko ka kwance sukuru mai tauri da shi. Kuma ka sa allura ka ƙwaƙule ƙasar ramin kafin ka murɗa.

Har yanzu ba ka yarda ba? Babu komai. Ranar da sukurun giyarka ya lashe, zo ka yi sallama. Shayi zan ba ka, har da tabarma. Alankina ne dai ba ya zuwa aro.