Ɗakin da Na Ja Zuwa Wara

A wayar ɗana na ga Turawan Amurka suna ɗaura ɗaki sukutum a bayan mota, da gado da murhu, su ja shi bakin tafki su kwana, gari na wayewa su hau keke. Na ce in dai tafki ne, ba wanda zai yi mana gori. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta daga can har Yawuri, ya cinye tsohuwar Bussa, aka tashi mutum sama da 40,000. Ɗaki kawai ya rage mini.

Wani mai walda a Yelwa ya saurare ni tsaf, ya ce, "Alhaji, amalanke mai rufi kake so." Na ce ɗaki. Ya ɗora kwano a kan tayoyin amalanke, ya huda taga, ya karɓi kuɗin ɗaki.

Muka ɗaure shi da sarƙa a akori-kurar ƙanena, keke a sama. Uwargida ta leƙo ta yi mana "Allah ya kiyaye hanya" da irin muryar da ake yi wa mai zuwa kotu.

Wayar ba ta nuna cewa abin da ake ja bai san birki ba. Ƙanena na takawa, ɗakin sai ya zo ya gaishe mu ta baya. Komawa baya kuwa ita ce masifar: ka karya kan mota hagu, ɗaki ya nufi dama. A haka muka wuce Birnin Yawuri, muka gangara Wara, yara na bin mu suna tambaya ko kura muka kawo.

Hunturu ne. Na zaɓi fili shimfiɗaɗɗe dab da ruwa. Wani dattijo Basarke yana ɗinkin taru, bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, ja shi tudu. Ruwa na tafe." Na dubi sama, ban da hazo ba komai.

"Baba, a Disamba?"

"Na Mali ne."

Haka kogin Kwara yake. Daminar da ta sauka a tsaunukan Gini takan yi watanni tana yawo a fadamun Mali, sai sanyi ya kama sannan ta iso nan. Na yi masa godiya, na bar ɗakina inda yake, don wurin ya fi kyau a hoto.

Batun keke gajere ne. Yashi ya riƙe tayar gaba, ƙaya ta gama da ta baya, na dawo shi ne a kaina. Na tarar da layin masunta a bakin tagata, kowa da waya a hannu, suna tambayar nawa ne caji. Wata tsohuwa shayi ta zo saye.

Da dare sauro ya yi taro a cikin kwanon. Can wani abu ya yi gurnani a ruwa, ƙanena ya ce dorina ce, ya shige mota ya ɗaga gilashi, bai ko ce "Yaya, taho" ba.

Ruwan bai zo da hayaniya ba, ta ƙarƙashi ya biyo. Ranar tafiya ƙasa ta zama taɓo, tayoyi sun nutse har gindin ɗaki. Bijimai biyu suka fid da motar da ƙyar. Da aka zo kan ɗakin, mai shanun ya ce shanunsa ba su ci bashin kowa ba.

Dattijon ya ajiye taru, ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa kwanon, ya leƙa taga.

"Hayaƙi zai fita ta nan," in ji shi. "Kifi zai bandu da kyau. Nawa za ka bar mini?"