Dala Ɗari a Bakin Igiya

A ƙauyenmu, arewa da Dambatta kaɗan, in ka ga igiya a gicciye a hanya to ta yara ce. Gonakinmu a manne suke da juna, daga geron wane sai gyaɗar wane, gamba kaɗai ke raba su, babu dajin da ɗan fashi zai laɓe. Mai tare hanya a wurinmu ɗan maƙwabci ne da ya zuba kwandon ƙasa biyu a rami, ya dogara shebur yana "a taimaka wa masu aiki." Ka danna masa ham, ka ce "sai mun dawo," ya saki igiya. Shi ya san zance ne, kai ma ka sani. Tolget na gwamnati kuwa, da Obasanjo ya soke su a farkon 2004 aka bi su da katafila, sai suna kawai ya rage a lokacin, kamar na Kaduna a bakin hanyar Abuja. Ni dai na girma da imanin cewa kwalta kamar ruwan sama take, ba a biyan kuɗinta.

Da wannan imani na tafi Damagaram a 2018, shekara guda kafin Buhari ya rufe iyaka. Ƙanena ne ya samo mata a can, aka ce ni zan kai lefe tunda ni ke da mota. Motar Peugeot 504 ce doguwa, ta girmi angon. Akwatuna shida a sama, Gwaggo da mata biyu a baya, Kawu a gaba yana riƙe da ƙofar da ba ta rufuwa.

Takardu kam na shirya. Na yanki inshorar nan ta ƙasashen ECOWAS mai ruwan ƙasa, na nemo katin rigakafin shawara, na canji sefa a Kwangwalam na zuba a aljihun gaban riga. Muka wuce Kazaure, muka wuce Daura, muka tsallaka zuwa Ɗan Barto, 'yan duwan suka ba ni lasefase ba gardama. Nan kaina ya kumbura. Har na fara yi wa Kawu bayanin yadda ake tuƙi a ƙasar waje, ni da ban cika minti ashirin a cikinta ba.

Ba mu yi nisa ba sai ga igiya. Ganga biyu, tsumma ja a tsakiya, rumfar kara a gefe. Na ce a raina, ashe har nan 'yan shebur sun iso. Na danna ham, na leƙo na ce, "Sannunku da aiki, sai mun dawo!"

Igiya ba ta motsa ba.

Na sake dannawa. Wani dogon mutum ya taso daga benci a tsanake, rawani ya rufe masa haɓa, ɗan littafin tikiti a hannunsa. Ya zagaya motar, ya dubi lambarta, ya yi murmushi.

"Bakano ne? Sannu da tahiya. Feyaj za ka biya. Dala ɗari."

Na ce, "Na'am?"

"Dala ɗari, Malam."

A lokacin dalar Amurka tana wajen naira 360 a Wapa. Ni malamin firamare ne, lissafi ba ya ba ni wuya: naira dubu talatin da shida. Gwaggo ta saki salati. Kawu ya saki ƙofa, ƙofar ta buɗe da kanta. Ɗaya daga cikin matan ta ce ita dama tun farko ta ce a nemo yarinya a Makoɗa.

Na fito na gyara hula. Bakano ba ya jin farashi ya gudu, tayi yake yi. Na sassauta murya na ce, "Yallaɓai, mu talakawa ne, manoma, sha'anin aure ya kawo mu. A yi haƙuri a karɓi jaka biyar."

Ga inda Shaiɗan ya raɓa. A wajenmu jaka naira ɗari biyu ce, tun zamanin da take fam ɗari, don haka naira dubu na taya. A wajensu jikka sefa dubu ce. Dala kuma, wadda na ɗauka ta Amurka, sefa biyar ce kacal. Wato bawan Allahn nan ya nemi sefa ɗari biyar, ni kuma na marairaice ina roƙonsa ya karɓi dubu biyar.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mi ka ce?"

"Jaka biyar."

"A'a. Dala ɗari na ce."

Na ga ya yi tauri, na ce to jaka bakwai. Ya ja da baya kaɗan. Na ce goma, wallahi iyakar ƙarfina ke nan. Sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ɗaga kai ya ƙura wa akwatunan nan shida ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito wani jandarma da ke shan shayi a gindin bedi. Ba laifinsa ba ne. Mutumin da ke ninka kuɗin hanya sau ashirin don a bar shi ya wuce, ai dole a so ganin abin da ya ɗauko.

Aka sauke lefe a bakin titi. Atamfa, leshi, takalma, man shafawa, har da ƙaramin akwatin nan da ba a buɗewa a gaban maza. Jandarma ya ɗaga wani abu da yatsa biyu, ya mayar da sauri, ya ce astagfirullah. Kawu ya juya baya yana nazarin gonar wani. Gwaggo kuwa ta riƙe ƙugu tana faɗa musu cewa ko Kuran Daga da ya kawo wa Kano yaƙi zamanin Sarki Alu bai buɗe akwatin amarya ba. Da ma tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, sai ga jandarma yana dariya yana cewa ai kakanninsa sun yi sakaci.

Wata yarinya mai tallan dafaffen ƙwai ce ta raba gardamar. Ba za ta wuce shekara tara ba. Tun ɗazu tana tsaye da tire a ka tana saurare. Ta matso ta nuna aljihuna, inda kan wata takardar sefa ya leƙo, 500 a rubuce ɓaro-ɓaro.

"Baba, ga dala ɗarin nan a aljihunka."

Wurin ya yi tsit, sannan ya fashe. Mai tikiti ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Daga baya na fahimci cewa sunan daga tsohuwar azurfar nan ya fito, dalar Mariya Tariza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda kakanninmu mata ke ratayawa a wuya. Da Faransawa suka kawo sulensu na faran biyar sai ya gaje sunan. Gwaggo tana da irinta guda biyu a ƙasan adaka, amma a ranar ko tari ba ta yi ba.

Na biya, ya yago mini 'yar takarda mai hatimi, ya ce, "Ka adana, za a tambaye ka gaba." Na miƙa ta baya ba tare da na waiwaya ba. Na sayi ƙwai goma don rufe bakin yarinyar.

Bayan Matamaye da Kance, dab da mu hau babbar hanyar Damagaram a Takeita, sai ga wata igiyar. Aka ce tike. Na ce Gwaggo, takardar nan. Ta ce wace takarda? Aka duba ƙarƙashin kujera, aka zazzage jakunkuna. Can ta kwance bakin mayafi ta fito da ɗan ƙulli: ɓarin goron da ta ci ta rage, a naɗe tsaf cikin tikitin gwamnati. Na warware shi a kan bonet da farce, a hankali kamar mai ɓare ƙwai. Ya jiƙe, ya yi ja, hatimin ya koma taswira. Mutumin ya ɗaga shi ya duba a rana, ya shinshina, ya ce kwanan wata ya tafi amma goron mai kyau ne. Na sake fito da dala ɗari, wannan karon ban taya ba.

Da muka dawo gida washegari da la'asar, yaran shebur suna nan a kwanar ƙauyenmu. Na laluba aljihu na ji ragowar sulen sefa ɗari. Na miƙa wa babbansu na ce, "Ungo, dala ashirin ce, ku raba."

Ban idar da sallar asuba ba na ji sallama. Mutum huɗu a ƙofar gida, har da mai unguwa, wai sun ji na dawo daga waje ina rabon daloli, ga kuma taki ya yi tsada bana.