Zakaran Waya a Majalisar Shabu

Kwamfutar da ke buga diraf a wayata gajeren hange gare ta. A matakin masu koyo, masu manhajar kan rage mata lissafi da gangan, taku kaɗan take gani a gaba, abin da ya wuce nan duhu ne a wurinta. Sai ta jera 'ya'yanta da giɓi a tsakani, in miƙa mata ɗaya, doka ta ce ci dole ne, ta cinye, ni kuma in kwashe uku a tsalle guda. Ga mantuwa. Ramin da ta faɗa jiya, yau ma da gudu take zuwa. In hannuna ya goce kuwa, akwai maɓallin komawa baya, kuma baiwar Allah ba ta taɓa cewa uffan ba.

Na san kwamfutar Deep Blue ta kayar da gwanin chess Garry Kasparov a 1997. Na san a 2007 Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Kanada sun tabbatar ba mai iya cinye manhajarsu Chinook a diraf mai gida 64. To ni kullum ina lallasa 'yar'uwarsu kafin barci. Ko a ina aka kai lissafin nan, na fi Kasparov.

Da wannan ƙarfin gwiwa na sauka majalisar 'yan diraf a bakin titin Akwanga, nan Shabu. Allon katako ne mai gida 100, 'ya'ya ashirin-ashirin, an cike waɗanda suka ɓata da murafun kwalba. Wani dattijo yana gyangyaɗi a benci. Shi na zaɓa, don tausayin matasan.

"Baba, wanda aka ci shi zai sayi shayin majalisa."

Ya buɗe ido ɗaya. "Har da burodi, ɗana?"

Na ɗana tarkona na gado. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya tambayi lafiyar iyayena, sannan ya toshe giɓin. Kwamfuta ba ta taɓa yi mini wannan wulaƙanci ba. Kuma ba ta magana, shi kuwa Baba bakinsa bai huta ba, yana buga ɗa a allo kamar mai sara, 'yan kallo suna amsa masa. Can ya tura mini ɗaya kyauta. Na ga ramin sarai, ai nawa ne, amma ci dole ne. Na ci. Ya kwashe huɗu, ya shiga sarki.

Babban yatsana ya tafi da kansa gefen allon yana laluben maɓallin komawa baya. Ƙusa ya tarar.

Mai shayi, da ba wanda ya kira shi, tuni ya fara fasa ƙwai. Wasu 'yan acaɓa biyu suka faka, suka rantse tun asuba suke cikin majalisar.

Baba ya kurɓi mai kauri, ya ce, "Wa ya koya maka wasa?"

"Kwamfuta, Baba."

"Madalla. Gobe ka zo da ita, amma ka ce ta riƙo kuɗinta."