Mutanen da Za Ka Tarar a Ɗakin Saba Daren Ƙaura

A watan Nuwamba na 2023 wani kamfanin Amurka mai suna Broadcom ya kammala sayen VMware kan kuɗi sama da dala biliyan 60. Labarin bai kai teburin mai shayi a Malali ta Kaduna ba. 'Yan tsirarun da ke yawo da mukullin ɗakin saba a aljihu ne kawai suka ji, su ma ba su girgiza ba sai da sabon mai kamfani ya ce an daina sayar da lasisin dindindin, sai biyan shekara-shekara. A Fabrairun 2024 ya janye ESXi na kyauta, manhajar saba ta VMware wadda ƙananan ofisoshi suka daɗe suna fakewa da ita, daidai lokacin da dala ta baro naira ɗari huɗu da 'yan kai ta haura 1,500. An dawo da na kyautar a 2025, amma zuwa lokacin mutane sun riga sun ɗaure kaya.

Ga wanda ba ya cikin harkar, saba ƙatuwar kwamfuta ce mai gurnani, da ake ɗora wa wata manhaja ta yanka ta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya. Kowane ɗaki kwamfuta ce mai cin gashin kanta, 'yan sana'a na ce mata VM: wannan na riƙe da albashi, waccan sakamakon jarrabawa, ta ƙurya kuma fayil ɗin marasa lafiya. Sauya manhajar, ko ɗaga ta zuwa sabon zubi, kwashe 'yan hayan nan ne cikin dare zuwa wani gida, bisa sharaɗin kowa ya farka da asuba ya tarar da butarsa inda ya ajiye ta. Makarantun kuɗi da asibitoci da ofisoshin ƙungiyoyi da suka mamaye gidajen Rabah Road da Isa Kaita Road har zuwa Low Cost, ba a rasa irin wannan ɗaki a wasunsu, galibi tsohon sito ne da aka liƙa wa iyakwandishan. Da aka tashi barin VMware, wasu sun nufi Proxmox na wani kamfani a ƙasar Ostiriya, wasu Hyper-V na Microsoft. Na'urorin dai ba su cika gardama ba. Masu tsayuwa a kansu ne abin kallo.

Wanda za ka fara cin karo da shi a bakin ƙofa shi ne Malam Kar-a-Taɓa. Dattijo ne a sana'ar, kuma aƙidarsa ɗaya ce: "Injiniya, abin da ke aiki ba a taɓa shi." Abin alfaharinsa shi ne lissafin kwanakin da sabarsa ta yi ba a kashe ta ba, yana nuna wa baƙi lambar a allo yana murmushi. Ƙurar hunturu uku ta yi kunshi a fankar, ba ya bari a hure ta, wai kada a tayar da abin da ke kwance. Ka ba shi labarin Fabrairun 2023, lokacin da 'yan fashin intanet suka kulle dubban sabobin ESXi, musamman a Faransa, suna neman kuɗin fansa, ta wata kafa da VMware ya fitar da abin toshe ta tun shekara biyu kafin nan. Zai ce, "Can Faransa ke nan. Wa ya san Malali?" Ba ya yarda cewa manhajar ɓarayin ba ta tambayar unguwa, adireshi kawai take bi tana ƙwanƙwasawa. Da aka gaya masa an daina kula da zubi na 7 na ESXi a Oktoban 2025, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, shi bai ma kai 7 ɗin ba, don haka bai shafe shi ba. Ina tausaya masa, domin a ƙasan duk wannan taurin kai tsoro ne zalla: bai da tabbacin in ta mutu za ta sake tashi.

Kishiyarsa kuwa Ɗan Juma'a, yawanci ɗan bautar ƙasa ne ko ɗalibin da aka turo sanin makamar aiki. Ya kalli bidiyo biyu a YouTube, na biyun ma bai ƙarasa ba saboda data. Ana sakkowa daga masallaci, ofis ya fara watsewa, sai ya naɗe hannun riga. Proxmox na da wani ɗan umarni da ake bugawa kafin ɗaga zubi, irin su pve7to8 da pve8to9, ya duba maka komai ya jero abin da zai iya ba ka matsala. Ɗan Juma'a na buga shi, ba ya ƙi. Sai dai in layuka masu ruwan ɗorawa sun cika allo ya ce, "Oga, gargaɗi ne kawai, ai ba ja ba ne." Ƙa'idar aikin ita ce a kwashe 'yan hayan saba ɗaya zuwa maƙwabciyarta, a ɗaga ta, a tabbatar ta tashi lafiya, sannan a taɓa ta gaba. Shi duka yake haɗawa lokaci guda, don yana son ya riski kallon ƙwallo. Shi ne mai ɗauko Windows daga VMware ya dire ta a Proxmox, ya zaɓa mata faifan VirtIO ba tare da ya sa mata direbobinsa ba, ta tashi ta nemi faifanta ta rasa, ta yi masa shuɗin allo. In ma ta tashi, ta ga katin sadarwa baƙo, adireshinta ya ɓace, manhajar akanta da aka ɗaure lasisinta da tsohon katin ta ce ba ta san kowa ba. Idan ka tuna masa cewa ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci miliyan 8.5 a duniya, Juma'a ce, sai ya ɗauke ta a matsayin hujja: manya ma ranar suke yi.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro ba ya hayaniya. Natsattse ne, ga fara'a. Ka ce masa, "Malam, akwai bakof?" Ya ce, "Kwantar da hankalinka, na ɗauki sinafshot." Sinafshot alama ce kawai da manhaja ke yi ta ce daga nan duk abin da ya canza a rubuta shi gefe. Yana zaune a faifai ɗaya da ainihin kayan, kuma ba ya tsayuwa sai da su. Faifan ya mutu, sun tafi tare. VMware da kansa ya ce kada a bar shi ya wuce awa 72, domin kullum kumbura yake. Buɗe jerin na Malam ka sha kallo: "kafin-sallah", "kafin-sallah-2", "na-ƙarshe", "na-ƙarshe-gaske", "na-ƙarshe-wallahi", kowanne a kan ɗan'uwansa. Ranar da ya tashi haɗe su, abin ya kai kashi 99 ya tsaya cak, shi kuma ya zauna yana kallon allo yana jan carbi.

Yana da ƙane wanda ya fi shi wayewa, mai bakof na gaske a wani ɗan faifan waje. Ina faifan? Ga shi nan a kan sabar, an soka su a soket ɗaya, ƙarƙashin iyakwandishan mai ɗigar ruwa. A Maris na 2021 gobara ta cinye ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg, kuma wasu abokan cinikinsa a ranar suka gano cewa ajiyarsu ta ko-ta-kwana a harabar guda take da ainihin kayan. Shi ya sa masu harkar ke cewa kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ko gidan Yallaɓai a Unguwar Rimi aka kai shi, an rage asara. Autansu kuwa ya cika duk waɗannan sharuɗɗa, illa dai bai taɓa gwada dawo da ko fayil ɗaya ba. Kamfanin GitLab a Janairun 2017 na da hanyoyin ajiya har biyar lokacin da wani ma'aikaci ya goge kusan gigabait 300 bisa kuskure. Da aka je ɗauko su, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata, sai wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ya cece su. Auta ya san labarin, har yakan ba wa wasu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi ranar yake neman wuƙa.

Daga nan sai Yallaɓai mai sa hannu, da Oga Akanta a bayansa riƙe da fayil. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnensu a duk bayanin da aka yi: kyauta. "Ba kun ce kyauta ba ne? To kuɗin faifai na mene ne?" Ranka ya daɗe, manhajar ce kyauta, amma 'yan haya na buƙatar inda za a sauke su kafin a rushe tsohon gida. An roƙe shi saba uku, ya sayi biyu. Sabobin da aka haɗa gungu kuwa da ƙuri'a suke aiki, kowacce ɗaya, kuma sai da rinjaye ake motsi. In biyu ne ɗaya ta faɗi, wadda ta rage tana da ƙuri'a ɗaya cikin biyu, ba rinjaye, sai ta naɗe hannu ta ƙi tayar da kowa. 'Yar ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi ta isa ta zama ƙuri'a ta uku. Abin mamaki ne a ce a Kaduna, garin da aka gina kan siyasa, sai an yi wa babban mutum bayanin darajar ƙuri'a ɗaya. Ta biyun da ya saya ma 'yar Beljiyom ce da wani yaronsa ya samo da araha, mai ƙwaƙwalwar AMD, alhali tsohuwar Intel ce. Ɗauke VM tana cikin aiki ba tare da an kashe ta ba abu ne da ake yi tun 2003, amma ba tsakanin waɗannan biyun ba. Dole a kashe. Yallaɓai kuma ya riga ya yanke: "Ba na son aiki ya tsaya ko minti ɗaya, kuma Litinin da safe nake son komai." Bankin TSB na Birtaniya ya yi irin wannan ƙaura a Afrilun 2018 kafin ya gama shiri, mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a Satumba, daga baya aka ci su tarar sama da fam miliyan 48. Na taɓa jin an ba wani Yallaɓai wannan labari, ya ce to ai su banki ne.

Malam Ni-Kaɗai ba ya ɗakin, kuma matsalar ke nan. Kalmar sirrin komai a kansa take, don ya yi imani ranar da ya rubuta ta ranar za a sallame shi. Daren ƙaura yana Zariya wajen ɗaurin aure, waya a kashe. Shi kaɗai ya san aikin wata VM mai suna "test2" da ba wanda ya taɓa buɗewa. A bar ta a baya, da safe na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata ta daina gane kowa.

Duk waɗannan injiniyoyi, a ƙarƙashin ikon mutum ɗaya suke, kuma ba wanda ya gayyace shi taron shiri: Baba maigadi, mai mukullin janareta. Lissafin a fili yake. Terabait biyu a kan waya mai gudun gigabit ɗaya na cin wajen awa biyar, in komai ya tafi daidai. In wayar ta tsufa ta koma megabit 100, ka nemi tabarma, kwana biyu ne. Wuta kuwa kowa ya san halinta. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin rukunin A naira 225 kowane yunit ake kashe iyakwandishan da dare, kuma ba a manta Oktoban shekarar ba, da Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu. Ƙarfe goma sha biyun dare, kwafi ya kai kashi 71, sai ƙarar janareta ta yi ƙasa ta ɗauke. Ɗaki ya yi baƙi, UPS ya fara ƙit, ƙit, ƙit, batirinsa kuwa tun bara ya kumbura. A fita da gudu da fitilar waya.

"Baba! Don girman Allah a tayar!"

"Yaro, Oga ya ce sha biyu a kashe, mai ya yi tsada. Ni ba a gaya mini wani aiki ba."

Kuma gaskiyarsa. An aika wa mutum goma sha takardar sanarwa ta imel, ba a taka zuwa bakin get ba.

Litinin da safe kuma ga Hajiya Tun-da-Kuka-Taɓa. Firintarta ta ƙare tawada, fankar ofishinta na ƙara, WhatsApp ɗinta ya ƙi buɗewa: "Injiniya, tun da kuka taɓa abin nan naku." Za ta yi wata shida tana faɗa, kuma sau ɗaya cikin goma tana da gaskiya, abin da ya sa ba a isa a share ta ba.

Akwai wata da ban so in saka a jerin ba, don ba ta da abin dariya. Injiniya ce mai yawo da littafin rajista mai baƙin bango. Mako biyu kafin ƙaura ta bi VM ɗaya bayan ɗaya ta rubuta aikinta, adireshinta, da wanda zai yi ihu in ta mutu, har "test2" sai da ta gano mai ita. Ta zaunar da Malam Ni-Kaɗai da lallami, "Yaya, ko don ranar rashin lafiya," ya rubuta kalmomin aka rufe a ambulan. Ta dawo da bakof ɗin albashi a wata kwamfuta dabam, ta kira Oga Akanta ya duba da idonsa cewa na watan jiya na nan. Ta fara kwashe VM ɗin da ba wanda zai yi kewarsu, ta bar su kwana biyu ta gani. A shafin ƙarshe ta rubuta: in ƙarfe uku na dare ya yi ba a gama ba, a koma tsohon gida, ba musu. Tsohuwar sabar kuma ta hana a goge ta har sati biyu, duk da Yallaɓai ya riga ya yi wa wani alkawarinta. Da la'asar ta je bakin get da kanta ta gaida Baba, ta nuna masa jarkokin dizal, ta ba shi na shayi.

Ranar Litinin ba abin da ya faru. Har ma wasu suka tambaya ko an ɗage aikin ne. Ƙarshen shekara da aka zo rabon kyaututtuka, Yallaɓai ya duba sunanta ya tambayi Oga Akanta, "Wai ita wannan me take yi mana ne? Ban taɓa ganin ta tana gyaran komai ba." Lambar gwarzon ma'aikaci ta tafi ga Ɗan Juma'a, wanda kowa ya shaida ya kwana uku a ɗakin saba ba wanka yana ceto sakamakon jarrabawa. An haɗa masa da shadda yadi biyar.