Kwan Fitilar Da Ya Ƙi Zafi

Tsohon kwan lantarki, mai siririn zare a ciki, ashe murhu ne ya yi shigar fitila. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take komawa, ɗan ragowar ne haske. Ga shi ba ya ƙarko, da ya yi kamar awa 1,000 sai ya ce ga garinku nan.

Shi kuwa sabon kwan da ake kira LED ba ruwansa da zare. Wuta ce ke ratsa wani ɗan mitsitsin sinadari, sai haske ya fito. Mai wat 9 yana yin aikin tsohon mai wat 60, shi ya sa ƙaramin janareto ke haska gida guda ko tari bai yi ba. Masana uku haifaffun Japan da suka ƙirƙiro shuɗinsa, wanda da shi ake haɗa farin haske, har kyautar Nobel suka ci a 2014.

Masu kiwon kaji ne abin bai yi wa daɗi ba, don su dama ɗumi suke saya wa 'yan tsaki. Ka rataya musu LED a tsakiyar hunturu, za su riƙa ganin juna tar suna rawar ɗari.