Mu da Dalma a Bakin Layi

Mu a rumfar gyaran rediyo ta bakin layinmu, in hira ta yi daɗi bayan la'asar, to maganar dalma ake. Masu rediyon sha'awa, waɗanda ke kiran juna ta iska da lambar da ta fara da 5N, suna kawo mana Yaesu da Icom a sauya musu filogin makirufo ko na eriya, kuma kowa a nan ya san wurin liƙa filogin nan ake yin asara.

Dalmar 60/40 ba ta narkewa sosai sai zafi ya doshi digiri 190, robar cikin wayar RG-58 kuwa tun kafin 130 ta saki jiki. To ya za a yi?

"Ɗana, kar ka ji tsoron zafi, jinkiri za ka ji tsoro," in ji Baba mai rumfa duk ranar da sabon yaro ya ɗauki ƙarfen dalma. Kamar suyar ƙosai ne: man da bai yi zafi ba shi ke ɓata shi. Shi ya sa in wuta ta zo ba ƙarfi, ba ma taɓa filogin eriya na PL-259. Ƙarfen zai yi ɗumi-ɗumi, ka daɗe kana dannawa, dalma ta ƙi kamawa, roba ta narke, tsinken tsakiya ya karkace.

Mu sai mun goge bakin ƙarfe ya yi ƙyalli, mun shafa wa waya dalma tukuna. In filogin mai rufin nikel ne, mu kankare gefen ramukansa da fayil. Mai tsinke 8 na makirufo kuwa, cusa shi muke cikin abokinsa kafin mu liƙa, don tsinkayen su tsaya cak ko da roba ta yi laushi. Wani ya riƙe da filaya ta shanye zafi, a taɓa, a ɗaga, a bari ya huce.

"Yaya, filogi mai Teflon fa ya yi tsada," in ji ƙaramin cikinmu.

"Gyaran rediyon da ya ƙone ya fi shi tsada."

Kuma ko mai kaya na gaggawa, filogi ba ya fita sai mita ta shaida cewa tsinken tsakiya da jikin filogin ba su haɗu ba. Mutum zai danna makirufo ya yi magana da Ghana ko Nijar, kuma sunan rumfarmu ke tafe da muryarsa.