Taubashina na Aliero ya shiga dabo

Taubashi, kada ka wahalar da kanka wajen musu, ina wurin. A bayan wani mai babban rawani na laɓe don kada mutanen Maiyama su gane mun haɗa jini. An ɗaura aure, an ci an sha, sai ga ka da ɗan tebur da kofunan silba uku da wata sanda da ka karyo daga jikin dogon yaro, kana kiran jama'a su matso su ga abin da ba su taɓa gani ba. A nan kam ka cika alkawari. Ba su taɓa ganin ɗan dabon da ya ɓatar da abu, shi ma ya duƙa ƙarƙashin tebur yana nema ba.

Tun da ka sayar da albasar bara ka sayi babbar waya na san za a rina. An ce kullum bayan isha'i kana kan YouTube kana kallon Turawa suna kife kofuna. To bari ɗan gwaggonka ya ƙarasa maka karatun, kyauta.

Wasan kofi uku ne da ƙwallo uku, a idon mai kallo. A hannun mai yi kuwa ƙwallo huɗu ne, kuma na huɗun nan shi ne jarin. Kullum yana gaban 'yan kallo da taki ɗaya: kafin a ce ƙwallo ya ratsa gindin kofi ya faɗa ciki, ɗan'uwansa ya riga ya kwanta a can yana jira. In aka ga ka zuba ƙwallo a hannun hagu ka dunƙule, bai je ba, yana maƙale a gindin yatsun dama. Ita ma sandar nan ba ado ba ce, dalili ce da ake ba hannun dama na zama a lanƙwashe ba tare da an tuhume shi ba. Kai kuwa ka soke taka a hammata, ka bar hannu a dunƙule a fili, kana ta harararsa kamar wanda ya damƙi kunama. Mutane inda idon mai wasa ya nufa nan suke kallo. Da kanka ka yi musu jagora.

Sai maganar tsakuwa. Masu wannan sana'a toto suke samu mara nauyi, a yi masa riga ta saƙa, don in ya faɗa cikin kofi kada a ji motsinsa. Kai ka tsinto duwatsu a bakin fadama ka haɗa su da kofin silba. Kana cewa "kun ga babu komai a ciki", kofin yana amsawa ƙwal-ƙwal. Na san za ka ce ai mutanen Rum ma da tsakuwa suka yi. Haka ne, da tsakuwa da 'yan kofunan da suke zuba ruwan tsami a ciki, har Seneka, masaninsu na ƙarni na 1, ya ambaci wasan a wata wasiƙarsa, yana nuna cewa ruɗin ne daɗin abin, da zarar an gane yadda ake yi sha'awa ta tafi. Sai dai shi an ruɗe shi ɗin. Kai wa ka ruɗa?

Wani yaro da ko wando bai gama ɗaurewa ba ya ɗaga murya: "Tana ga hannunai na dama!" Gwani dariya zai yi, ya buɗe hannun a nuna babu komai, don tuni ya sauke kayan a wani kofin. Kai sai ka hau rantsuwa, gumi na tsiyaya, har kana tambayar ɗan wane ne. Da ka zo Jega mun koya maka sanyin fuska. Duk ƙasar nan ta ga ɗanmu Farfesa Attahiru Jega a 2015, ana tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, wani tsohon minista ya riƙe makirfo yana ta yi masa ihu, shi kuwa ko gira bai ɗaga ba har mutumin ya gaji ya zauna. Kai ɗan shekara bakwai ya rikita ka.

Ƙarshen wasan ne ya fi ba ni tausayi, don a nan ake cin kasuwa. Bayan an gaji da bin ƙananan ƙwallaye, sai a ɗaga kofuna a tarar da wani ƙaton abu da ba wanda ya ga shigarsa. Dai Vernon, mutumin Kanada da ya rasu a 1992, wanda yawancin masu yi a yau tsarinsa suke bi, a daidai lokacin da ya ɗaga kofi aka ga ƙwallo ya dawo, ido duk ya koma kan tebur, a nan ɗaya hannun ke fitowa daga aljihu ya cusa babban a bakin kofin. Wasu lemo suke sawa, wasu dankali. 'Yan gala-galan Masar da ke tare jiragen ruwa a Bur Sa'id 'yan tsaki masu rai suke fitarwa. Kai ka ce sai albasa, don kishin gari. Ban ƙi ba. Amma ka zaɓo irin wadda ake ɗorawa a bakin buhu, wadda ta fi bakin kofin faɗi. Kofi ya ƙi zama, ya karkace, jan ɓawo na leƙowa ta gefe. Tun kafin nan ma aljihunka ya yi tulu, ɓawo na ƙaras-ƙaras duk sanda ka motsa, wari kuwa ya riga ka sanarwa. Wata tsohuwa cewa ta yi, "Ɗan nan, mi kaka ɓoyewa, miya zaka yi muna?"

Abin da ya ɗaure mini kai, kai fa ba baƙon rufa ido ba ne. Shekara nawa kana jera manya a sama, 'yan firit a gindin buhu, mai saye bai farga ba sai mota ta sauke a Anaca? Kuma gidan hannu ka fito. Aliero ba albasa kaɗai aka san ta da ita ba, daga nesa ake ɗauko masu karaya a kawo wa maɗoranta, kuma na ga Kawu yana lalubo inda ƙashi ya rabu da ɗan yatsa, idonsa na wani wuri yana hira da mai jinya don ya ɗauke masa hankali. Wannan shi ne dukan sirrin da kake nema a waya, a zauren gidanku. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Yanzu kuma na ji kana cigiyar mai laya, wai 'yan dabo da aljanu suke aiki. Ajiye kuɗinka. Tun 1584 wani Bature, Reginald Scot, ya fitar da littafi a Ingila yana tona yadda ake wasa da ƙwallayen nan, don a daina kama mutane da sunan maita. Madubi za ka saya, ka tsaya gabansa har sai ka daina kama kanka. Sarki Charles ma, yana yarima, da wasan nan ya yi gwaji aka karɓe shi a ƙungiyar Magic Circle ta Landan a 1975. Ka ga wanda aka haifa a fada ya zauna ya koya, balle mai kwana a rumbun albasa.

Wanda ya ba ka shawarar ka kawo tebur kasuwar Jega a riƙa sa kuɗi ana canka, ba masoyinka ba ne. Wannan aikin 'yan wala-wala ne, kuma su ba su zuwa su kaɗai: wanda ka ga ya fara ci nasu ne, mai zuga ka nasu ne, akwai kuma mai lalube. Akwai wani tsohon zane da ake dangantawa da Hieronymus Bosch na ƙasar Holan, na wajen 1502, wani ya sunkuya ya saki baki gaban mai kofuna, na bayansa yana zare masa jakar kuɗi. Kai da wannan hannun naka, ranar farko za a kama ka, kuma mutanen kasuwarmu ba su da haƙurin 'yan biki. Sauƙin abin dai akwai maɗori a gida.

Watan cika-ciki ya kusa, kuɗin sharata na bara ma ba su iso ba. Kada ka ce ka sa su a hannun hagu ka busa. Ka naɗe hannun riga har gwiwa, ka buɗe tafuka biyu, ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gaban Inna. Ka haɗo da buhun albasa guda, ni zan zazzage shi da kaina, ta gindi zan fara.